Ƙwan Wa Ke Cikin Sheƙar Hankaka?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kirarin hankaka: mai da ɗan wani naka. Ina yaro na tambayi kakata dalilin kirarin, ta ce ai hankaka ba ya haihuwa, 'yan tsakin mutane yake sura ya kai sheƙarsa, ya yi ta renonsu har su rikiɗe su yi baƙi da farin ƙirji. Na yarda, don ina ganin yadda kazarmu ke tattara 'ya'yanta duk sa'ad da inuwarsa ta gifta. Sai da furfura ta fara fito mini a gemu na gane cewa kirarin daidai yake, bayanin ne ya karkace. Hankaka yana yin ƙwansa, huɗu ko biyar, masu shuɗi-shuɗi da ɗigo-ɗigo. Amma akwai wata tsuntsuwa mai tukku da doguwar wutsiya, daga dangin da Turawa ke kira kuku saboda irin kukansu, wadda ba ta gina sheƙa ko kaɗan. Fakon hankaka take yi, da ya tashi sai ta faɗa sheƙarsa ta saka nata ƙwan cikin nasa ta yi gaba. Shi kuwa ya dawo ya yi kwanci a kai, ya ƙyanƙyashe, ya yi ta jigilar abinci yana ɗura wa ɗan da ko kama da shi bai yi ba. Ashe bawan Allah reno aka ɗora masa, mu kuma muka yi ta kiransa ɓarawon 'ya'ya.

A Sakkwato aka bi diddigin wannan al'amari. Wasu Turawa biyu, Mundy da Cook, suka yi ta leƙa sheƙunan hankaki suna rubuta abin da suka gani, suka buga sakamakon a 1977 a wata mujallar masana tsuntsaye ta Afirka ta Kudu. Ina kyautata zaton can da wani Bahaushe ne ya hau itace ya tarar da baƙon ɗa a sheƙar hankaka, ya sauko ya yi masa kirari. Kirarin ya rayu a bakin mutane, abin da mutumin ya gani da idonsa ya faɗi a hanya. Abin da ke ci mini rai ke nan. Itacen na Sakkwato ne, hankakan na Sakkwato ne, kirarin namu ne, amma in kana son jin ƙarshen labarin sai ka iya Turanci, ka kuma san ƙofar da ake bi a shiga mujallar da ko malaman jami'a ba kowa ke samunta ba.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a rubuta mana littafi da Hausa a kan sheƙunan tsuntsayen ƙasarmu da ƙwansu da yadda suke kwanci da reno, kuma yaran nan masu yawo da gwafa a wuya su ya kamata a fara miƙa wa.

Bara da damina ɗan ƙanwata, mai shekara 12, ya shigo gida riƙe da sheƙar marai da iska ta kaɓo daga darbejiyar ƙofar gida. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Kawu, me ya sa ƙofar take ta ƙasa? Ƙwan ba ya faɗowa?" Na karɓa na zura yatsa, na ji ɗan tudun nan da ke tsakanin mashiga da ɗakin ƙwai, kamar dokin ƙofa, na kama yatsansa na ɗora a kai. Na ba shi labarin cewa namiji ne ke saƙar, da ɗanyen ganyen da yake tsagowa siri-siri, in ya gama sai ya rataye a ƙasanta kai a ƙasa yana kaɗa fiffike yana surutu har mace ta zo ta shiga ta duba. In ta ƙi, ganyen ya bushe, da bakinsa zai warware ya sake sabuwa. Yaron ya fashe da dariya ya ce ashe su ma ana zuwa ganin ɗaki. Daga nan ya ɗauko littafin kimiyyarsa na makaranta ya nuna mini sheƙa ɗaya tilo da ke ciki: wata mai kama da ƙoƙo, da shuɗɗan ƙwai uku, a kan reshen wani itace da ba ya tsirowa a ƙasarmu.

Na zaga shagunan littattafai don in samo masa wani abu. Na ga na kiwon kaji kala-kala, na ga na soyayya jibge har rufi, na ga na fassarar mafarki da ke gaya maka abin da ganin ƙwai a barci yake nufi. Na tsuntsun dawa da Hausa, ko ɗaya ban gani ba. Kuma ba don Hausa ta gaza ba ne. Tun a 1949 Abubakar Imam da Rupert East suka fara fitar da Ikon Allah, suka yi bayanin halittu iri-iri da Hausa mai daɗi, iyayenmu suka karanta a elemantare suka fahimta. Daga nan muka saki hanyar.

Ba wai ilimin ne babu ba. A 1938 wani Bature mai suna Shuel ya buga bayanai a kan sheƙu da ƙwan tsuntsayen kewayen Zariya da na lardin Kano. David Bannerman ya fitar da kundi 8 a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma daga 1930 zuwa 1951. William Serle, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Nijeriya, ya tara ƙwai masu yawa, suna ajiye a Edinbura, babban birnin Sikotland, yanzu haka. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, tana fitar da 'yar mujalla, wadda daga baya ta zama Malimbus. Littattafan da masu kallon tsuntsu ke ratayawa a jaka yau, irin na Borrow da Demey, aikinsu su nuna maka launin gashi da kuka don ka gane tsuntsu in ya gifta. Zancen sheƙa ba shi ne gabansu ba, ga tsada, ga Turanci. Mutanen kudancin Afirka suna da nasu na musamman a kan sheƙa da ƙwai, wanda Warwick Tarboton ya rubuta da hotuna. Mu da muke da tsuntsu fiye da iri 900 a Nijeriya kaɗai, namu ilimin yana warwatse a tsofaffin mujallu da akwatunan gidajen tarihi na Turai, sauran kuma yana cikin kan tsofaffin maharba da ake kai wa makwanci ɗaya bayan ɗaya.

Da na kawo wannan magana gaban wani abokina malamin makaranta, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, so kake ka ba kura ajiyar nama. Yaran da ba su da littafi ma sun hana tsuntsu sakat, ina ga ka zana musu inda ƙwan yake da watan da ake samunsa?" Maganarsa tana da tushe, kuma tarihin irin waɗannan littattafai yana bayansa. A Ingila a ƙarni na 19 tara ƙwan tsuntsu ya zama abin yayi, tun daga yaran makaranta har attajirai. Sai a huda ƙwai a busa a fitar da abin ciki, a jera ɓawon cikin auduga a durowa, a rubuta suna. Littattafai masu zanen ƙwai da launi, irin na Hewitson da na Seebohm, su ne jagorar masu wannan sha'awa. Tsuntsu in ya yi ƙaranci sai ƙwansa ya ƙara daraja, masu nema su ƙara ƙaimi, har wasu irin shaho suka kusa ƙarewa a ƙasar. Sai a 1954 aka kafa dokar hana ɗibar ƙwan tsuntsun dawa, a 1981 aka ƙara tsaurara ta.

Amma abokina ya manta abu ɗaya, ko kuwa a birni ya tashi. Yaranmu ba su jiran littafi kafin su san inda sheƙa take. Ni tsohon ɗan gwafa ne. Kafin in iya haɗa baƙi da wasali na san kurciya ƙwai biyu take yi, farare fat, a kan 'yan tsinke marasa kan gado da in ka tsaya a ƙasa kana hango ƙwan ta cikinsu. Na san fakara a gindin ciyawa take kwanci. Na san in zakaran ƙeƙuwa ya taso maka da ihu yana kawo sura a bakin fadama, ƙwansa na nan kusa a ƙasa, launinsa ya saje da busasshen taɓo har sai ka kusa takawa. Ba wanda ya koya mana wannan a aji. Wata rana muka kwaso ƙwan kurciya huɗu daga sheƙa biyu, muka hura wuta da kara a bayan gari, muka dafa a gwangwanin madara. Nawa da na ɓare, sai ga ɗa a dunƙule, kai ya fi jiki, idanu manya baƙaƙe a rufe, ga ɗan baki har ya fito. Na jefar, abokaina suka yi mini dariya, amma tuwon dare bai shiga ba ranar. Da kakata ta ji dalili, ba ta doke ni ba. Cewa ta yi, "Kai ɗan nan, da ka tambaye ni ai da na gaya maka. Ƙwan da ya dushe ya yi nauyi, mai shi yana ciki."

Wannan ita ce maganar tawa. Mun san inda sheƙa take, abin da ba mu sani ba shi ne abin da ke faruwa a cikinta: kwana nawa uwa ta yi tana kwanci, saura kwana nawa, sau nawa take yi a shekara, in an ɗebe za ta sake ko shi ke nan sai baɗi. Wanda ya san wannan hannunsa yakan yi nauyi. Addininmu ma ya riga ya share fagen. A cikin Sunan na Abu Dawuda, Ibnu Mas'ud ya ba da labarin wata tafiya da sahabbai suka ga 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu suka ɗauke su, uwar ta zo tana ta kaɗa fiffike, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Kuma a garinmu, duk rashin jin da muke yi, ba wanda ya taɓa hawa tsamiyar da shamuwa ta yi sheƙa. An gaya mana baƙuwar damina ce, ba a taɓa ta, muka ji. Yaro yana kiyaye abin da aka ba shi labarinsa.

Abin mamaki, ɓarnar masu tara ƙwai ta Ingila ita ce daga baya ta ceci tsuntsayen da suka addaba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka ga wani irin shaho yana ƙarewa, ƙwansa na fashewa a ƙarƙashin uwa tun kafin ƙyanƙyasa. Wani masani, Derek Ratcliffe, ya bi gidajen tarihi da gidajen masu tara ƙwai yana auna tsofaffin ɓawo da sababbi. A 1967 ya nuna cewa daga wajen 1947 ɓawon ya rage kauri da kusan kashi 1 cikin 5, daidai lokacin da maganin ƙwari na DDT ya bazu a gonaki. Tsutsa da ƙwaro su ci maganin, ƙananan tsuntsaye su ci su, shaho ya ci ƙananan tsuntsaye, gubar ta taru a jikinsa ta hana ɓawo ƙwari. Wannan na cikin hujjojin da suka sa Amurka ta hana amfani da DDT a gona a 1972. Abin da ya ba waɗancan ɓawo daraja shi ne 'yar takardar da ke manne da kowane: wane tsuntsu, wane wuri, wace rana. Ƙwan da muka dafa a gwangwani da na Baturen duk an raba su da uwa, sai dai shi ya rubuta.

Yau ba sai an ɗauki ƙwai ba kafin a rubuta. Tun 1939 ake da tsari a Birtaniya inda mutanen gari, manoma da 'yan makaranta da tsofaffin ma'aikata, ke leƙa sheƙa su cike kati: ranar da aka fara ƙwai, nawa ne, nawa suka ƙyanƙyashe, nawa suka tashi. Daga waɗannan katuna aka gano a 1997 cewa tsuntsaye iri 20 cikin 65 da aka duba sun matso da lokacin ƙwansu gaba da kusan kwana 9 tsakanin 1971 da 1995, saboda ɗumi yana riga lokacinsa sauka. To mu fa? Kowane manomi zai gaya maka damina ta rikice. Shamuwa kuwa agogon damina ce, daga kudancin Afirka take tasowa ta sauka mana gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ta ci fara da tsutsa a gonaki, kaka na yi ta juya. Da a ce a gari 100 na ƙasar Hausa, daga Damagaram zuwa Zazzau, an sami mutum guda-guda, liman ko malamin firamare ko mai shago, da ke rubuta ranar saukarta da yawan sheƙunta a bayan kalanda shekara 30 a jere, da yau muna riƙe da hujjar da ba wanda ya isa ya musa. Ko kwabo wannan aikin ba ya ci. Mutane ba su yi ba ne don ba a taɓa nuna musu cewa abin rubutawa ne.

In da ni zan tsara littafin, da cilakowa zan buɗe. Kowa ya san ta da dogon baki da tashi kamar mai lilo, amma mutum nawa suka san yadda take jego? Macen takan shiga kogon itace, ta liƙe ƙofar da taɓo da kashinta da ragowar abinci, har sai saura 'yar tsaga da baki kawai zai iya wucewa. A ciki za ta yi ƙwai, ta zubar da gashin fiffike da na wutsiya, ta zauna makonni ba ta iya tashi ko da an buɗe mata. Namijin ne ke kai da kawowa wuni zubur, ya kawo fara, ya kawo ƙadangare, ya miƙa ta tsagar. In 'ya'ya suka tasa wuri ya yi musu kaɗan, sai ta fasa ta fito, su kuma 'ya'yan su sake liƙe ƙofar da kansu, iyaye biyu su ci gaba da ciyarwa daga waje. Yaron da ya karanta wannan, in ya ɗaga gwafa ya auna cilakowa da fara a baki cikin damina, ya san ba tsuntsu ɗaya zai kashe ba, gida guda ne. Mai saran itace ma haka. Tsohon itace mai kogo shi ake fara kayarwa don an ce ya gama amfani, alhali shi ne ɗakin haihuwar cilakowa da tsirya da mujiya. A ganina gatari da injin yankan itace da buhun gawayi sun rushe sheƙu a shekara goman nan fiye da abin da duk gwafar ƙasar Hausa ta taɓa yi.

Sai tsattsewar giginya, wadda ke manna 'yar sheƙarta a bayan ganye da yawunta, ta kuma manna ƙwan a jikin sheƙar, iska ta yi ta kaɗa ganyen ƙwai bai faɗo ba. Sai koren tsuntsun nan mai jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, wanda Hilary Fry ya daɗe yana nazari a Zariya: ramuka suke haƙawa a gaɓar rafi tun ƙasa na da taushi a ƙarshen damina, su jira sai rani su yi ƙwai, kuma sau da yawa 'yan uwa ne ke taya ma'aurata ciyar da 'ya'ya, gayya sosai. Yautai ko tsinke ba ya ajiyewa, a ƙasa tsirara yake zuba nasa.

Wanda duk wannan bai dame shi ba, to ga jan-baki. Manomin shinkafa a Kebbi ko Haɗeja, da mai gero a Yobe da Borno, ba sai an yi masa bayani ba. Tun a 1965 Peter Ward ya buga nazarinsa na yadda wannan tsuntsu ke hayayyafa a yankin Tafkin Chadi. Dubun dubbai ne ke sauka a dajin ƙaya lokaci guda, maza su saƙa sheƙu cikin kwana biyu ko uku, mata su zuba ƙwai kusan rana ɗaya, wajen kwana 10 a ƙyanƙyashe, bayan kamar mako biyu 'ya'ya su tashi. Ka ga ke nan tsakanin saukarsu da tashin sabuwar runduna 'yan makonni ne. Makiyayi ne ke fara ganin wurin, shi da mai itace. In sun san ma'anar abin da suka gani da wanda za su gaya wa, an sami lokacin yin wani abu. In ba su sani ba, sai tsuntsu ya riga ya sauka a gona a fara kiran gwamnati ta turo jirgin feshi, guba ta kashe jan-baki, ta haɗa da shaho da balbelar da suka ci gawarsa. A Chadi akwai masu sana'ar kama jan-baki da raga su kai kasuwar Njamena, abin da ya ci hatsi shi ma a ci shi.

Akwai wurin da na sallama wa abokina, ba gardama. Wurin shi ne ungulu. Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, kuma haka ne, a ƙwanƙolin dogon itace take tara ƙirare, takan kuma koma sheƙa ɗaya shekara da shekaru. Ƙwai ɗaya tak take yi, da rani. Wajen kwana 50 ana kwanci, ɗan kuma ya yi wata uku ko fiye kafin ya tashi. Wanda ya ɗauke wannan ƙwai ya cinye mata shekara. Muna yara mayankar garinmu baƙi ƙirin take da ungulu, har mahauta na korarsu da ƙafa. Ɗan ƙanwata bai taɓa ganin ungulu ba sai a waya. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu ta duniya, ta sa ta cikin halittun da ke bakin ƙarewa a duniya, kuma cikin manyan dalilai har da kasuwar masu neman kanta da gashinta da ƙwanta don tsibbu da neman sa'a, kasuwar da Nijeriya ke kan gaba a cikinta. Wanda ke wannan fatauci ba yaro ne mai gwangwanin madara ba, babba ne da kuɗi a aljihu, yana iya ɗaukar mota ya yi tafiyar kwana don sheƙa ɗaya. Haka gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya amma da ƙyar ake ganinsa a dajinta, saboda an kwashe 'ya'yansa an kai gidajen masu hali su yi ado a tsakar gida. Haka jimina, wadda a Nijar sai da aka koma kiwonta cikin shinge a Kelle, wajen Gure, don kada irin ya ɓace. Littafin ya faɗi yadda waɗannan ke hayayyafa dalla-dalla, don mutane su san tsadar ƙwai ɗaya. Amma kada ya ambaci sunan gari ko dutse ko fadamar da suka rage, ko da marubucin ya sani.

Ko a nan ɗin ma ɓoyo ba shi kaɗai ne magani ba. A Sikotland wani shaho mai kamun kifi ya dawo yin sheƙa bayan ya daɗe da ɓacewa, aka ɓoye wurin, aka sa masu gadi, duk da haka a 1958 wani ya hau da dare ya ɗebe ƙwan. Shekarar da ta biyo sai masu kula da wurin suka juya dabara, suka sanar wa duniya, suka kafa rumfar kallo daga nesa. Mutum wajen 14,000 suka je a 1959, sheƙar ta zama ta kowa, taɓa ta ya zama abin kunya. Irin kariyar da shamuwa ke samu a garuruwanmu ke nan ba da doka ba. In mutanen gari sun san tsamiyarsu ce kaɗai ta rage da ungulu a duk gundumar, suka ɗauke ta abin alfahari, baƙon da ya zo da tsani zai sha tambaya. Amma wannan shawara ta mutanen garin ce da mai garinsu, ba ta mai littafi ba.

Masu iya rubutawa suna nan. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos ta fi shekara 20 tana yaye masana, cikinsu da 'yan Arewa masu jin Hausa kamar jakin Kano. Akwai matasan da ke zaga ƙasa suna lissafa tsuntsaye don taswirar tsuntsayen Nijeriya. Matsalar ita ce jami'a ba ta ƙara wa malami girma don ya rubuta wa yaran ƙauye littafi da Hausa. Takarda da Turanci a mujallar waje ita ake ƙirgawa. Wannan ma'auni ne da mutane suka kafa, mutane kuma za su iya gyara shi. Kuma kada masanin ya zauna a ofis ya fassara na Turawa, ya kawo mana tsuntsun da ke ƙwai in ƙanƙara ta narke. Namu da ruwa suke lissafi, wasu da rani, ko mai sayen ƙwan zabi ya san da damina yake samunsa. Ya tafi wurin maharba da masunta da Fulani makiyaya da littafin rubutu, ya zauna a tabarmarsu, ya tambaya, ya gwada abin da suka faɗa da abin da ya gani, inda suka yi daidai ya ce sun yi, inda camfi ne ya faɗa cikin ladabi, ya kuma sa sunayensu a littafin in sun yarda. Sunayen tsuntsaye ma aiki ne, don abin da wani gari ke kira fakara wani makwarwa yake cewa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen da yau sai tsoho. A buga shi da araha, da hoton sheƙa da na ƙwai a inda suke ba a tafin hannu ba, a karanta shi a rediyo, a bar shafuka farare a ƙarshe masu layin rana da wuri da adadi. A shafin farko a rubuta ƙa'ida: a leƙa a bar wurin da sauri, kada a taɓa, kada a karya reshen da ya rufe, kada a tsaya uwa na jira a rana.

Da na rasa abin saya wa ɗan ƙanwata, sai na ba shi littafin rubutu mai shafi 40 da biro, na ce ya nemi sheƙa ɗaya ya bi ta. Ya sami ta hasbiya a saman katangar bene, inda yake hangowa ta tagar ɗakinsu ba sai ya hau ba. Da na je gidan bayan mako biyu ya kawo mini. Ranar 3 ga wata, ƙwai 1. Ranar 5, ƙwai 2, farare. Ranar 6, ɗaya ta tashi ɗaya ta zauna, "ina jin mijin ne ya karɓe ta." Haka yake bi kullum har ranar 11, inda ya rubuta: babu ƙwai, ɓawo a ƙasa, hankaka biyu a kan eriya. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Kawu, tunda ba su ƙyanƙyashe ba, in yage shafin?" Na ce a'a, wannan ma ana rubutawa, ya sa kwanan wata ya ja layi, ya duba ko za su sake.